Wa Zai Sake Gina Labanan, Gwamnati ko 'Yan Kasuwa?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

A watan Maris na 2025 Bankin Duniya ya ce Labanan na buƙatar dala biliyan 11 don gyara ɓarnar yaƙin Isra'ila da Hizbullah. Ku lura da yadda aka kasa kuɗin: biliyan 3 zuwa 5 daga gwamnati, biliyan 6 zuwa 8 kuwa daga masu zaman kansu, galibi don gidaje, shaguna, masana'antu da otal-otal. Wato kaso mafi tsoka ba daga baitulmali ake jiran sa ba.

Dalili kuwa, gwamnatin ta karye. A Maris ɗin 2020 ta kasa biyan bashin waje. Kuɗinsu, lira, da ake sayar da dala ɗaya a kan 1,507 tun 1997, sai da ya kai 89,500. Ana cikin wannan, ranar 4 ga Agusta 2020, sinadarin takin zamani ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Bairut, mutum sama da 200 suka rasu.

To, ina 'yan kasuwa suka taɓuka? A 2022 kamfanin CMA CGM na Faransa ya karɓi kwangilar shekara 10 ta tafiyar da sashen kwantena na tashar, da alkawarin zuba dala miliyan 33. Iyalan Saadé masu kamfanin kuwa tushensu can yankin ne. A garin Zahle kuma, kamfanin lantarki mai zaman kansa ya fara ba da wuta dare da rana tun 2015, alhali na gwamnati 'yan awoyi yake bayarwa. Wannan nasara ce, ba na musu.

Amma bari in daɗe a kan Solidere, kamfanin da aka ba aikin sake gina tsakiyar Bairut, don nan darasin yake. Bayan yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, tsakiyar Bairut ta zama kufai. Firaminista Rafik Hariri ya jagoranci kafa wannan kamfani a 1994, aka miƙa masa unguwar baki ɗaya. Masu filaye da shaguna ba kuɗi aka biya su ba, hannun jari aka ba su, da yawansu kuma sun ce an karya darajar dukiyarsu. Gini dai an yi, mai kyan gaske. Sai dai tela da maƙeri da mai sayar da yadi da suka gaji wurin kaka da kakanni ba su komo ba, don hayar ta fi ƙarfinsu. Kantunan masu hannu da shuni suka maye gurbinsu. Ni a ganina birnin da aka gina, mutanensa suka kasa zama a ciki, aikin bai kammala ba.

Doka ma akwai ta: an yi dokar haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni a 2017. A 2018 aka yi wa Labanan alkawarin dala biliyan 11 a wani taron masu ba da tallafi a Paris, akasarin kuɗin bai fito ba saboda gyare-gyaren da aka gindaya ba a yi su ba.

Abin da ya riƙe ƙasar shi ne kuɗin 'ya'yanta na ƙetare, kimanin dala biliyan 6 a shekara. Cikinsu har da Kwarorin da muka sani a Kano. Amma tun 2019 bankuna suka riƙe ajiyar mutane. Wanda guminsa ya maƙale a banki, da wace zuciya zai sake kai jari? Shi ya sa yake aiko wa danginsa kai tsaye, a gyara rufi, a sa sola. A Afrilun 2025 majalisa ta sassauta dokar sirrin banki, ƙarƙashin gwamnatin Nawaf Salam. Mataki ne, amma mai ajiya kuɗinsa yake jira.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.