Makiyayan Yamal da Ƙasar da Ke Daskare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, abubuwa uku na yi niyyar kawo muku game da zama da aiki a yankin tundura: yanayin ƙasar, sai kiwo, sannan aikin haƙar ma'adinai da iskar gas.

Na farko, ƙasar kanta. Tundura fili ne fetal a can ƙurewar arewacin duniya, daga Alaska da Kanada har zuwa Sibiriya ta Rasha, inda bishiya ba ta girma, domin ƙasar a daskare take shekaru aru-aru, ɗan samanta kaɗai ke narkewa a lokacin zafi, saiwa ba ta samun wurin shiga. Abin da ke sauka daga sama, ruwa da dusar ƙanƙara, galibi bai wuce milimita 250 a shekara ba. A garin Utqiagvik na Alaska kuwa, rana tana faɗuwa a watan Nuwamba, ba a sake ganinta sai ƙarshen Janairu.

To, mu zo kan kiwo, kuma ku yi mini haƙuri, a nan zan daɗe. A zirin Yamal da ke arewa maso yammacin Sibiriya akwai mutanen da ake kira Nenet, waɗanda ke kiwon barewar ƙanƙara. Ita ce abincinsu, ita ce suturarsu, da fatarta suke rufe bukkarsu, ita ce kuma ke ja musu amalanken da ba shi da taya, wanda ke sulɓewa a kan ƙanƙara. Idan zafi ya gabato sai su nufi arewa, bakin tekun Kara, inda iska ke korar sauro, idan sanyi ya kama kuma su gangaro kudu gefen daji, wasunsu har su tsallake kogin Ob a kan ƙanƙara da garkensu. Akwai iyalan da ke cin kusan kilomita 1,000 a shekara. Mata ne ke kafa bukka, su ne ke kwance ta, su ne kuma ke ɗinka rigar fatar da ran mai gida ya dogara a kanta idan ya kwana a fili.

Ku lura da wannan, ɗalibai na baya, domin shi ne zuciyar maganar. Barewar nan da sanyi tana tona dusar ƙanƙara da kofatonta, ta ci wani irin farin gansakuka da ke ƙarƙashi. Muddin dusar tana da laushi, komai tsananin sanyi dabba za ta ƙoshi. A watan Nuwamba na 2013 iska mai ɗumi ta taso daga teku, aka yi ruwan sama a kan dusar, sanyi ya dawo, ƙasa duka ta rufe da ƙanƙara mai taurin da kofato ba ya iya fasawa. Abinci yana nan a ƙarƙashin ƙafar dabba, tana jin ƙanshinsa, amma ta kasa kaiwa gare shi. Barewa kusan 61,000 suka mutu da yunwa a wannan sanyin, kuma iyalin da ya rasa garkensa ya rasa har abin hawan da zai fitar da shi daga wurin. Ina maimaitawa, ɗumi ne ya kashe su. Haka kuma a 2016 aka yi wani zafi da ba a saba gani ba a Yamal, cutar saifa ta dabbobi ta ɓarke, barewa fiye da 2,000 suka mutu, wani yaro ɗan shekara 12 shi ma ya rasu. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutanen nan sun iya sanyi, sun gaji iliminsa kaka da kakanni, ga shi kuma yanayin da suka sani yana canja musu.

Na biyu... a'a, na ukun ke nan, kuma lokaci ya ja. A Yamal ɗin nan ne kamfanin Gazprom na Rasha ya fara fitar da gas daga filin Bovanenkovo a 2012, bututu da titi da layin dogo suka ratsa hanyar makiyaya, wanda duk ya ga an nome burtali a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. An ɗaga bututun a wasu wurare domin garke ya wuce ta ƙarƙashi. Ma'aikata kuwa kawo su ake yi su yi makonni, a musanya su da wasu. A Norilsk kuwa, birnin haƙar ma'adinai da ke gabas da Yamal a arewacin Sibiriya, ana ɗora gine-gine a kan ginshiƙai don kada ɗumin gida ya narkar da ƙasa, kuma a can ne wani tankin mai ya fashe a watan Mayu na 2020, man dizal kusan tan 21,000 ya malala cikin ƙasa da koguna.

Na'am, Baba, ga hannunka a sama. Baba yana tambaya: Musulmin da ke can yaya suke salla da azumi, alhali rana kan yi makonni ba ta fito ba, ko ba ta faɗi ba? Allah ya ƙara girma, tambaya ce mai nauyi. Akwai Musulmi da yawa a Norilsk, Tatar da mutanen Kokeshiya da Asiya ta Tsakiya da aiki ya kai su, suna da masallacin Nurd Kamal da aka buɗe a 1998. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yinin da zai kai tsawon shekara, ya ce a ƙaddara lokutan salla. Saboda haka wasu suna bin lokacin gari mafi kusa da ake bambanta dare da rana a cikinsa, wasu kuma, kamar Musulmin Tromso a Norwe, suna bin lokacin Makka, su sha ruwa da agogo rana tana nan a sama ba ta faɗi ba.