Idan Ka Canja Kontirola, Daga Ina Fitilun Ƙaramin Jirgin Ƙasanka Za Su Sha Wuta?

Assalamu alaikum, jama'a. Na gode da kuka samu lokaci kuka zo. Waɗanda ke baya ku ɗan matso, domin abin da zan nuna yau bai kai kan ashana girma ba.

Ga shi nan a tsakanin yatsuna, ƙwan fitilar LED ne. Ƙafafunsa biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajeriya. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan teburi, ya gina tasha da gidaje da sandunan fitilar titi, ya san daɗin da ake ji idan an kashe hasken ɗaki, garin nan ya haskaka, jirgi ya ratso ta tsakiyarsa. Sai dai wannan garin yakan faɗa duhu ranar da mai shi ya sayi sabuwar kontirola, wato na'urar da ke tuƙa jirgin. A kan wannan zan yi magana.

Bari in fara da abin da ya same ni. Tsohuwar kontirolata tana da bakin waya guda huɗu a bayanta. Biyu suna zuwa layin dogo, biyu kuma suna ba da wutar DC, wato mai bin hanya ɗaya irin ta batir, bolt 12 wadda ba ta hawa ba ta sauka. A nan na jona fitilun tashata, suka yi shekaru suna ci lafiya lau. Da na sauya wata, na tarar ita ma tana da baki biyu na ƙarin kaya, sai na kwance wayoyin daga waccan na ɗaura a wannan. Fitilu suka kama. Amma idan na kaɗa kai sai in ga hasken yana ɗan rawa, kuma kafin a jima fararen suka fara dushewa ɗaya bayan ɗaya. Da na juya na'urar na karanta ƙaramin rubutun da ke gefen bakin, sai na ga AC ce, bolt 16. Na ji zafin abin nan ƙwarai, domin wasu fitilun na riga na manne su a ƙarƙashin rufin tasha, sai da na ɓalle rufin kafin na kai gare su.

To me ya kashe su? LED ba kamar tsohon ƙwan fitila mai zare ba ne, wanda duk ta inda wuta ta shigo masa ci yake yi. LED dayod ce, hanya ɗaya take barin wuta ta bi: ta shiga ta doguwar ƙafa, ta fita ta gajeriya. Idan aka juya mata wutar, yawancinsu bolt 5 kacal masana'anta suka ce za su iya jurewa. Ita kuwa AC kai-kawo take yi, sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ko sau 60 a Amurka. Rabin lokaci fitilar tana ci, rabin lokaci ana dukanta ta baya. Rawar da na gani ke nan. Kuma ku riƙe wannan da kyau: bolt 16 da aka rubuta a jikin AC matsakaicin ƙarfinta ne. Ƙololuwarta, idan ka ninka 16 da 1.414, ta haura bolt 22. Ƙaramar taransfoma ma idan ba ta ɗauke da kaya takan ba da fiye da abin da aka rubuta mata.

Wani zai ce ai sauƙi ne, a sa gadar dayod, wato dayod huɗu da aka haɗa su mayar da AC ta zama DC, ta miƙe wutar, a ƙara kafasita, ɗan abin da ke tara wuta yana sakinta a hankali, ta lallaɓe ta. Haka ne, za ka samu DC mai kyau, amma ba bolt 16 za ka samu ba, balle 12. Kafasitar za ta cika har kusa da ƙololuwa, ka cire ɗan abin da dayod suka ci, ya rage wajen bolt 21. A nan mutane da yawa suke ƙona kayansu suna ganin sun yi gyara.

Mu yi lissafin tare, don shi ne ƙashin bayan maganar. Farar LED tana cin kamar bolt 3, ja kuma wajen bolt 2, kuma iyakar yawan wutar da ƙaramar LED ke ɗauka miliamfa 20 ne (miliamfa dubu su ne amfa ɗaya). Sauran wutar dole wani ya shanye ta, aikin rizista ke nan, wadda ake auna ƙarfinta da om. A kan bolt 12, cire 3, saura 9. Idan rizistarka om 1,000 ce, miliamfa 9 za su wuce, fitila ta ci cikin kwanciyar hankali. Idan om 470 ce, kana dab da miliamfa 20, wato a bakin iyaka. Yanzu ɗauki waɗannan fitilun ka kai su kan bolt 21. Saura 18. Mai om 1,000 za ta wuce da miliamfa 18, fitilar za ta jure, amma ita rizistar tana ƙona kusan sulusin wat, alhali yawancin ƙananan nan rubu'in wat aka yi su. Taɓa ta ka ji, za ta yi zafi, kuma tana kwance ne a jikin roba ko kwali. Mai om 470 kuwa, miliamfa 38 za ta tura, kusan ninki biyu na abin da fitilar za ta iya. Ba ka taɓa fitila ko rizista ba, kontirola kawai ka sauya, ka ƙara gada da kafasita.

Yanzu ga babban canjin da ya fi kawo mutane wurina: barin tsohon tsari na DC a koma DCC, tsarin da kontirola ke aika wa jirgi umarni ta cikin wutar layin dogo. A tsohon tsari, ƙarfin wutar layi shi ne gudun jirgi. Ka murɗa, wuta ta hau daga sifili zuwa bolt 12, jirgi ya ƙara sauri. Ka juya ta, ya koma da baya. Shi kuwa DCC, wanda asalinsa aikin kamfanin Lenz ne na Jamus kafin NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ta mayar da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990, kullum layin cike yake da wuta ko jirgi yana tsaye, wajen bolt 14 zuwa 16 ga ƙananan jirage masu girman da ake kira HO da OO. Wutar tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa, kuma tsawon kowace juyawa shi ne saƙon da dikoda, wato ƙaramar na'urar da ke cikin jirgi, ke karantawa. Shi ya sa mitar gwaji ta yau da kullum ba ta faɗa maka gaskiyar ƙarfin layin DCC, ba don irin wannan saurin aka yi ta ba.

Da yawa daga kontirololin DCC ba su da bakin ƙarin kaya ko kaɗan. Sai mutum ya dubi layin, ya ga ga wuta nan zaune, ya ce bari in ɗiba. Ana iya yi, ban ce ba a yi ba. A sa gadar dayod, amma masu sauri irin UF4007 ko 1N4148, domin 1N4007 da aka saba da ita an yi ta ne don wutar gida mai tafiyar hawainiya. A nan babu ninkawa da 1.414, abin da ke layi shi za ka samu, ban da ɗan abin da gadar ta rage. Amma ni ban yarda da wannan hanya ba ga gidaje da tituna, kuma zan faɗa muku dalili.

Ƙaramar kontirolar masu farawa amfa ɗaya zuwa uku take bayarwa. Fitila ɗari a kan miliamfa 9 kowacce sun cinye kusan amfa guda, wutar da ka saya don jiragenka. Sannan duk sanda ƙafar jirgi ta goce a mahaɗar layi ta haɗa ƙarafan biyu, kontirola za ta yanke wuta don ta kare kanta, garin gaba ɗaya ya mutu tare da ita. Idan kuma ka tara manyan kafasitoci a kan layin, lokacin kunnawa sukan zuƙi wuta a tashi ɗaya, kontirola ta ɗauka shot ne, wato ƙarafan biyu sun haɗu, ta ƙi tashi.

Abin da nake yi tun daga ranar da na ɓalle rufin nan shi ne: fitilun da ba sa motsi ba su da wata alaƙa da kontirola. Ga wannan adaftar a hannuna, DC ce bolt 12 daidaitacciya, amfa 2. Daga gare ta wayoyi biyu masu kauri sun zagaya ƙarƙashin teburi, launinsu daban da na layin dogo don kada hannu ya ruɗe. Akwai fis kusa da tushe. Kowane gida yana sauko da siraran wayoyinsa ya kama waɗannan biyun, kowace fitila da rizistarta. Kada ka haɗa fitilu biyar a kan rizista ɗaya kafaɗa da kafaɗa, domin ɗaya za ta fi sauran zuƙa, ta mutu, nauyinta ya koma kan 'yan'uwanta. In kana son tsimi, jera farare uku a layi ɗaya, ƙafar wannan a ta wancan, da rizista guda, kamar yadda ake yi a zaren fitilun nan na bolt 12 da ake yankawa uku-uku. Kuma kada ka haɗa wayar wannan adafta da ta layin dogo a ko'ina. Na canja kontirola sau biyu bayan haka, ban sake taɓa wayar fitila ba.

Wani abu da nake so ku gwada da idonku: ku ƙara girman rizista. Tagar gida da dare ba ta kashe ido. LED ta zamani tana da haske sosai ko a miliamfa 2 ko 3, don haka om 2,200 ko 4,700 sukan fi ba da kamannin gaske, musamman da fara mai ɗan ja-ja. Haske mai yawa yakan ratsa bangon roba, gidan ya koma kamar fitilar ƙwai.

Na ga hannu a can. Na'am, Malam, ina ji.

Yana tambaya ne game da fitilun da ke jikin jirgin kansa da taragai, tunda su ba za a ja musu waya daga adafta ba. Gaskiyarka, Malam, waɗannan dole daga layi za su sha. A tsohon tsari juyawar wutar ce ke zaɓar fitilar gaba ko ta baya. A kan DCC idan ka bar su jone da layi kai tsaye, duka biyun za su kama a lokaci ɗaya. Dole su koma ta dikoda. Shuɗiyar wayar dikoda ita ce mai kawo wuta ga dukkan fitilu, can doguwar ƙafa za ta nufa. Fara ta fitilar gaba ce, rawaya ta baya, kuma sai ka sa rizista in dai allon jirgin ko dikodar ba su zo da tasu ba. Duba takardar da ta zo da ita kafin ka ɗora dalma.

Taragai kuma, ka fara leƙa cikinsu. Idan tsofaffin ƙwayaye masu zare ne na bolt 12, a da suna samun cikakkiyar wuta ne kawai sa'ad da jirgi ke gudu sosai. A kan DCC za su ci dare da rana a kan fiye da ƙarfinsu, kuma zafinsu yana iya lanƙwasa rufin roba. Cire su, ka sa LED da ƙaramar gadar dayod, da kafasita don kada haske ya riƙa ƙyaftawa idan ƙafa ta taka datti. Ka sa rizista kamar om 100 a gaban kafasitar don ta cika sannu a hankali, kuma ka zaɓi wadda aka rubuta mata bolt 25 ko sama. Ka yi tarago ɗaya tukuna, ka ɗora shi a layi ya yi rabin sa'a, ka ɗora yatsa a rufin ka ji, sannan ka buɗe na biyu.