Darasi daga Jidda: wane garin kauri zaka zuba a gam ɗin tayil, ma'ajun da fenti

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Jidda nake magana, cikin mustauda, wato sito, inda muke haɗa gam ɗin tayil, wanda Larabawa ke cewa gira, da ma'ajun na bango, kwaɓin da ake shafawa bango yayi sumul kafin fenti. Kai ƙanina matso da wayar kusa da bokitin nan, yawwa, ba fuskata ake nema ba.

Toh wannan farin garin dake tafin hannuna kamar garin rogo, shine selulos, mu a wajen aiki garin kauri kawai muke ce masa. Daga itace ake yinsa ko daga ɗan gashin nan da yake saura jikin angurya bayan an gurje auduga, a jiƙa da soda mai ƙarfi a haɗa da wasu sinadarai har ya koma yana narkewa a ruwa. Sunan ma yana ruɗar mutane, dan babban aikinsa a siminti ba kauri bane, riƙe ruwa ne. Siminti sai da ruwa yake kamawa, kai kuma ka shafa shi siriri a jikin bulo, bulo na tsotsa ta baya rana da iska na ɗauka ta gaba, kafin kace kwabo ya bushe bai kama ba, washegari ka goga hannu kaga yana zuba kamar toka. Wannan garin shi yake hana ruwan guduwa.

Kala huɗu zaka gani a kasuwa. HPMC da MHEC na siminti ne da jibs, wato garin POP. HEC na fentin ruwa ne, buya kenan a bakin mutanen nan. Sai CMC, shi yafi arha shiyasa wasu ke kwaɗayinsa, amma basa shiri da sinadarin kalsiyam dake cikin siminti, ka barshi a gam ɗin takardar bango da sabulun wanki.

Yanzu lambar dake jikin buhu, anan ne ake cin kuɗin mutane wallahi. Zakaga an rubuta 100,000 ko 200,000, mai sayarwa yace maka mu'allim ɗauki dubu ɗari biyu shine asli. Lambar nan ba ta inganci bace, awon kauri ne kawai, ana narkar da kashi 2 cikin ɗari a ruwa mai digiri 20 a auna, kuma na'urorin awon ba ɗaya bane, yawancin kayan Chana da NDJ suke aunawa, wasu kamfanonin kuma da Brookfield, gari ɗaya da NDJ ta nuna 200,000 ka kai shi Brookfield ko rabin haka bazai kai ba. Kaga kenan idan ka ɗauko Tylose na Jamus ko Walocel ko Mecellose na Koriya kaga lambarsa ƙarama kace ai na Chana ya ninka shi, ka gwada mudu da tiya ne. Ka nemi takardar bayanin kayan ka duba da wace na'ura aka auna, in yace babu takarda toh ka san inda ka dosa.

Kowane aiki da kaurinsa. Gam ɗin tayil yana son mai kauri sosai, kilo 3 zuwa 4 a tan guda, wato buhun kilo 20 giram 60 zuwa 80 ne kacal a ciki, shiyasa sai da sikeli mai kyau, ba a yinsa da ƙiyasi. Ma'ajun ma wajen haka, amma ni nafi son matsakaicin kauri dan hannun mai shafawa ya tafi sumul. Liyasa, filasta kenan, kilo ɗaya zuwa biyu a tan guda ya isa. Shi kuwa simintin daɓe mai baje kansa, mara kauri ake sa masa irin mai lamba 400, ka sa masa 200,000 ya zauna maka kamar tuwo. Kuma kar ace ai yana da amfani a ƙara, in yayi yawa kwaɓin zai riƙa manne wa cokali, ya tara iska, ya jinkirta kamawar siminti, ƙarfi ya ragu.

Toh ga abinda yasa nayi darasin nan gaba ɗaya, zafi. Ƙanina miƙo butar shayin nan. Kunga kofin nan, HPMC ne na narkar a ruwan sanyi tun safe, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, garau kana ganin ƙasan kofin. Bari in tsoma shi cikin ruwan zafi... ku duba, ya fara yin fari, gashi yana dunƙulewa yana sakin ruwan. Halinsa kenan, a sanyi yake narkewa, in yaji zafi ya saki. Yawancin HPMC na gini tsakanin digiri 60 da 70 yake yin haka, MHEC kuma galibi sai ya haura 70, kuma tun kafin a kai wajen riƙon ruwan ya fara raguwa. Yanzu ku tuna ƙasar da muke, bangon da rana ta daka tun safe a watan bakwai ko hannu baka iya ɗorawa, ga ruwan tankin saman gida da azahar kamar an sauke daga wuta, ga buhun ma a rana ya wuni. Hukuma ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma ƙarfe uku ɗin da zaka dawo bangon bai huce ba ai.

Ni ya taɓa cina. Wani aiki a Makka, haɗin da nayi amfani dashi duk lokacin sanyi lafiya lau, shi na tura da zafi ban canza komai ba, mai tayil ya shafa gam wajen mita biyu yana jera tayil, ashe saman ya riga yayi fata, bayan sati biyu ana ƙwanƙwasawa ana jin kwal kwal, da muka ɗaga guda bayansa fes ko alamar gam babu. Ba kafili, ubangidana kenan, kaɗai ba har ni sai da naji a aljihuna. Tun daga nan haɗi biyu nake, na sanyi da na zafi, na zafin MHEC ne kuma ina ɗan ƙara awo.

Wani abin kuma, in kaga C2TE a buhun gam, T ɗin tayil baya zamewa a bango ne, E ɗin zai jira ka minti 30 maimakon 20, waɗannan biyun garin kauri nada hannu a ciki. Amma C2 ɗin, ƙarfin kamu, sai da garin roba RDP, musamman borsalan da kusan baya shan ruwa. Ko buhu guda na selulos ka juye bazai maye gurbinsa ba.

Fenti a gurguje. HEC baya dunƙulewa da zafi, shiyasa shi ake sawa. Ka sayi wanda aka yiwa rufi baya narkewa nan take, irin Natrosol 250 HBR, ka barbaɗa shi a ruwa injin na juyawa ya watse tukunna, sannan ka zuba amoniya kaurin ya taso. Ka fara zuba amoniya, gudaji zaka samu irin na kunun da ba'a dama da kyau ba. Kuma ka sa maganin ƙwayoyin cuta tun farko, dan suna cin selulos, fentin da ka rufe da kauri ka buɗe bayan wata biyu ya tsinke yana wari.

Kafin ka sayi buhuna da yawa ka karɓi kaɗan ka gwada. Ɗiga aidin na kemis a wanda ka narkar, in ya koma shuɗi an cakuɗa da sitaci. Ƙona kaɗan a cokali, na kirki tokarsa kaɗan ce, in ta taru an ƙara masa wani abu. Sai babban gwajin, ka kwaɓa gam ka ja shi da cokali mai haƙora a jikin bulo, a waje fa inda aikin yake ba cikin ɗaki mai mukayyif, wato AC, ba, duk minti biyar ka danna yatsa, in gam ya biyo yatsan da sauransa, in yatsa ya fito a bushe ka rubuta mintin. Ga nawa nan na shafa tun fara magana, na hagu HPMC na dama MHEC, ƙanina kawo wayar nan. Na hagu kunga yatsana fes. Na dama gashi har yanzu yana kamawa.