Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Najeriya a Indiya, a Garin Malerkotla

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Jakada, ranka ya daɗe, da 'yan rakiyarka, da limaman garin nan da dattawan Sikh da suka amsa gayyatarmu: a madadin ɗalibai Hausawa da ke karatu a Jalandhar da Phagwara da Ludhiana da Patiala, muna yi muku barka da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya gabatar da kai ba. Uban da ya baro Delhi da asuba don ya ga 'ya'yansa ya gama gabatar da kansa. Allah ya ƙara girma.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka ga buƙatarmu tun yanzu: makwanci. Muna roƙon ka sa hannu a wasiƙa zuwa ga hukumar waƙafi ta jihar Punjab da shugaban gundumar nan, a ba mu izini tsayayye na binne duk ɗan Najeriya Musulmi da ajali ya riska a Punjab a maƙabartar Malerkotla.

Ranka ya daɗe, ƙidayar 2011 ta nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na mutanen jihar nan Sikh ne, kashi 38 da ɗoriya Hindu, Musulmi kuwa ba su kai kashi 2 ba. Sikh da Hindu duka ƙona gawa suke yi. Tun rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, lokacin da Musulmin gabashin Punjab suka yi hijira ko aka kashe su, ƙauyuka da yawa ba su da maƙabarta, wasu tsofaffin ma an cinye su da gini da noma. Malerkotla ce ta tsira, kuma da dalili.

Shehu Sadruddin, wanda ake kira Haidar Shaikh, shi ya kafa garin a 1454. Sama da shekara 300 da suka wuce, gwamnan Sirhind, Wazir Khan, ya kama ƙananan 'ya'ya biyu na Guru Gobind Singh, jagoran addinin Sikh na lokacin, Zorawar Singh da Fateh Singh, dukansu ba su kai shekara 10 ba, aka yanke hukuncin a gine su cikin bango da ransu. Sarkin garin nan, Nawab Sher Muhammad Khan, abokin gaban Guru ne, an ma kashe masa ɗan'uwa a yaƙi da shi. Amma ya miƙe a tsakar fada ya ce wannan zalunci ne, Musulunci bai yarda a kashe yara da laifin ubansu ba. Ba a ji maganarsa ba, an kashe yaran. Sai dai Sikh ba su manta ba. Suna kiran wannan tsayuwa "Haa da Naara", wato kukan neman adalci, kuma akwai wurin ibadarsu mai wannan suna a cikin garin nan. A 1947, jini na malala ta ko'ina, wanda duk ya shigo iyakar Malerkotla ya tsira. Ba mu ce kullum lafiya aka zauna ba: a 1762, a Kup, nan kusa, rundunar sarkin Afganistan, Ahmad Shah Abdali, ta kashe dubban Sikh. Duk da haka alherin rana ɗaya ne ya rinjayi a zukata. A 2021 aka mai da garin gunduma ta 23 a Punjab.

Mutanenmu a gida sun san ɗan Sikh, mai rawani da gemu, daga finafinan Indiya, wasu su ɗauka Musulmi ne, wasu su ce Hindu. Ba ko ɗaya. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469, ya koyar da kaɗaita Ubangiji da watsi da bambancin asali, kuma abokin yawonsa, Mardana mai kaɗa rabab, Musulmi ne. Littafinsu mai shafi 1,430, wanda Guru Arjan ya fara haɗawa a 1604, yana ɗauke da baitocin Shehu Farid, sufin Musulmi, da na Kabir masaƙi da Ravidas baduku. Sun kuma sha wuya: an kashe Guru Arjan a 1606 zamanin Sarki Jahangir, an fille kan Guru Tegh Bahadur a Delhi a 1675 zamanin Sarki Aurangzeb, sai kuma kisan gillar da aka yi musu a 1984, wanda har yau ba a taɓa shi a zance sai fuska ta canza.

Tun da gobe za ka wuce Amritsar, ga abin da 'yan rakiya za su kiyaye. A Harmandir Sahib, babban wurin ibadar Sikh, ana ajiye takalmi har da safa, a bi ta cikin ruwan wanke ƙafa, a rufe kai. Taba ba ta shiga, ko a aljihu. Ba a miƙe ƙafa wajen littafin, ba a taɓa rawanin mutum ko da wasa, kuma 'yar wuƙar da ke rataye a jikinsu alamar addini ce. A ɗakin ciyarwa, langar, dubun dubatar mutane ke ci kyauta kullum, kowa a ƙasa cikin sahu, attajiri gefen lebura. Gurasa da hannu biyu ake karɓarta. Mai miƙa hannu ɗaya sai a gyara masa. Babu nama a ciki sam, saboda haka Musulmi ya ci hankali kwance. A kasuwa ne ake tuntuɓe: dokarsu ta hana su cin yankan Musulmi, mahautansu sara ɗaya suke yi, ana ce masa jhatka. Ɗalibin da bai tambaya ba sai ya sayi mushe da kuɗinsa.

Mu koma kan makwancin, ranka ya daɗe. Idan baƙo ya rasu a nan, sai an sami takardar shaidar mutuwa, an sanar da 'yan sanda da ofishin rajistar baƙi, an kuma kawo takardar amincewa daga ofishin jakadanci kafin a saki gawa. In mutuwar ta haɗari ce, sai an yi binciken likita. In gida za a kai shi, ƙari a kan haka sai an yi wa gawa allurar hana ruɓewa da takardarta, a sa ta a akwati mai rufin tutiya a liƙe, a soke fasfo, a kai Delhi a mota, sannan jirgi ta Addis Ababa. Kowace takarda tana jiran wata. Rasuwar daren Juma'a takan kai Litinin ba a motsa ba, ga zafin Mayu da Yuni da ke haura digiri 40, ga kuɗin ɗakin sanyi na hawa kullum. Iyaye da yawa sun fi so a yi masa sutura a inda ya faɗi, kamar yadda sunna ta koyar. To, a nan ne ake tsayawa cirko-cirko: masu kula da maƙabarta suna tsoron karɓar gawar ɗan wata ƙasa ba tare da izini a rubuce ba, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Wasiƙarka ce za ta warware wannan. Malerkotla ba ta kai kilomita 50 daga Ludhiana ba, tana da masu wanka da likkafani da masu haƙa da jama'ar salla. Muna kuma roƙon a ware mana jami'i ɗaya da za a iya samu a waya ko ranar Lahadi ce, don takardar amincewa ta fito cikin yini guda. Batun sabunta fasfo ma yana nan, amma mai rai zai iya jira.

Daftarin wasiƙar, da Turanci da Punjabi, yana cikin koren fayil ɗin da ke gabanka. Limamin idi da dattijon Sikh da ke zaune a damanka sun ce za su kai ta da hannunsu in ka sa hannu kafin ka tashi. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai Delhi lafiya.

Kwamitin Tarba