Yadda za ka hana Windows cinye maka data

Assalamu alaikum. Wannan bidiyon na masu shagon buga takardu ne a Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara, da ɗaliban da ke jona kwamfuta da hotspot ɗin waya.

Ka sayi data da safe, kafin azahar ta ƙare, alhali fom ɗaya ka cike wa mutum. Windows ce take ɗaukar kowane Wi-Fi kamar ruwan rijiya, sai ta yi ta jawo sabuntawa a ɓoye. Dole ka gaya mata cewa wannan layin na awo ne.

A Windows 11, danna maɓallin Windows tare da I, shafin saiti (Settings) zai buɗe. Shiga Network & internet, zaɓi Wi-Fi, ka taɓa sunan hotspot ɗinka. Gangara ƙasa, ga Metered connection nan, kunna shi. Daga yanzu galibin manyan sabuntawa za su dakata, OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, shi ma zai tsagaita ɗora fayiloli. Amma a kula, kowane Wi-Fi da nasa saitin. In gobe ka jona da wayar ƙanenka, sai ka sake kunnawa a can.

Kana son ganin mai cin datar? Koma baya, shiga Advanced network settings, sannan Data usage. Zai jero maka manhajojin da abin da kowacce ta sha cikin kwana 30. A nan kuma za ka iya sa iyaka, ya gargaɗe ka kafin ka kai ta.

Masu kwamfuta uku ko huɗu a shago ɗaya, ku shiga Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ku bar shi a kan Devices on my local network. Abin da ɗaya ta sauke za ta raba wa sauran.

Roƙona ɗaya, don Allah kar a kashe sabuntawa gaba ɗaya. Kwamfutar shago filashin mutane take karɓa dare da rana, ta nan cutar kwamfuta ke shigowa. Ana iya ɗage sabuntawa har mako 5, to ka ware daren da ka samu data mai sauƙi ka bar ta ta sauke. Masu Windows 10 kuwa, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka a duba ko injin zai ɗauki 11.