Jan furen kokeliko a lambunmu: hunturu ne lokacinsa

Jama'a, ga wani jan fure da ya kamata ku sani. Ganyen furensa huɗu ne, sirara, sau da yawa da ɗigon baƙi a gindinsu. Faransawa na kiransa kokeliko. A Turai da Arewacin Afirka ciyawa ce da ke fitowa da kanta cikin gonakin alkama, kuma shi ne furen da ya rufe filayen daga na Flanders, a yankin Beljiyam, a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, har yau mutanen Ingila ke maƙala shi a ƙirji ranar 11 ga Nuwamba don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Ba shi ne wanda ake haɗa ƙwayar maye da shi ba, wancan jinsi ne daban.

Zai yi a wajenmu? Zai yi, in an kama lokaci. Tsiro ne na shekara guda, mai son sanyi. Mai lambu a Marwa, Garwa ko Njamena ya shuka a Nuwamba ko farkon Disamba, da hunturu ya kankama, don ya yi fure kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40. 'Yan Ngawundare, da ke kan tudu sama da mita 1,000, sun fi mu sararin lokaci.

Ga inda ake yawan kuskure. Irin nan ya fi riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ku cuɗa shi da yashi, ku watsa a kan fangalin da aka lallasa ƙasarsa, ku danna da tafin hannu. Kada ku binne shi, sai ya ga haske yake tsira. Ban ruwa kuma yayyafi ne da gwangwani mai ƙananan huji, safe da yamma, don kada ruwa ya kwashe irin.

Kada ku yi masa dashe. Saiwarsa guda ce mai nutsewa ƙasa, in aka tumɓuke ta da wuya ta sake kamawa. Idan ya tsiro da yawa, ku rage, ku bar taƙi ɗaya tsakani. Taki kaɗan ya ishe shi, in ya yi yawa sai ganye ba fure.

Kowane fure kwana ɗaya ko biyu yake yi ya zube, amma wasu na buɗewa a bayansa, ƙudan zuma kuwa tun da sassafe suke kansa. Ku killace shi daga awaki, don yana iya ɓata musu ciki. Idan ƙwanson ya bushe, ku girgiza irin cikin takarda, ku ajiye a inuwa sai hunturu mai zuwa.