Wa ke biyan kuɗin ɓarnar shugabannin kamfani?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Akwai wani dattijo a unguwarmu a Kubwa, tsohon ma'aikacin gwamnati, da har yau yake ajiye da takardun hannun jarinsa cikin leda a ƙasan akwati. A 2007, lokacin da bankuna suka cika rediyo da talabijin da tallar hannun jari, ya kwashi kuɗin sallamarsa ya zuba a ɗaya daga cikinsu. Yau takardun nan ko buhun masara ba za su saya masa ba. Na tambaye shi, Baba, me ya hana ka yar da su? Ya ce, "Ɗana, gumina ne na shekara 35, a wace bola zan zuba shi?"

Dattijon nan bai taɓa zama a ɗakin taron daraktoci ba, bai sa hannu a takardar bashin kowa ba, amma shi ya biya.

Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankunan Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Da aka gama duba sauran bankuna, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Abin da bincike ya tono ya isa ya hana mutum barci. An riƙa ba makusanta da kamfanonin shugabanni bashi ba jinginar kirki. An riƙa ɗaukar kuɗin masu ajiya ana sayen hannun jarin bankin da kansa, don farashi ya hau, mutane irin dattijon Kubwa su ga riba su ruga. A 2010 shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. A shekarar ce aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan nan, kuma har yanzu tana bin masu taurin bashi daga kotu zuwa kotu. A 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi hannu rabbana. Dubban ma'aikata suka koma gida.

Ba sai an yi sata ba ma, sakaci kaɗai ya isa. A 2015 hukumar sadarwa ta NCC da ke nan Maitama ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin toshe layuka sama da miliyan biyar da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba. Shugaban rukunin kamfanin, Sifiso Dabengwa, ya ajiye aiki, kuma sai bayan watanni ana ja-in-ja aka daidaita a kan biliyan 330.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tsayawa kan mutum ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowane bashi mai nauyi sai ya bi ta gaban daraktoci, kowane lissafin shekara sai masu binciken kuɗi sun sa masa hannu. Ina suke lokacin da ake wannan ɗiba? Daraktan da ya karɓi alawus ɗin zama, ya sha shayi, ya ɗaga hannu ba tare da ya karanta takardar da ke gabansa ba, shi ma ya ci amana. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa darakta alhakin kula da riƙon amana, kuma ina ganin lokaci ya yi da kotu za ta riƙa bin irin waɗannan har aljihunsu, ba a tsaya kan asusun kamfani ba, domin tarar da aka ci kamfani daga ribar masu hannun jari take fita, ragowar kuma a ɗora wa mai sayen kaya.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta biya masu ajiya abin da inshora ya tanada, wato har naira miliyan biyar ga kowane mutum. Wanda ajiyarsa ta haura haka, ɗan kasuwa ne a Wuse ko ƙungiyar adashen ma'aikata, sai ya jira a sayar da kadarori a karɓo basussuka. Masu hannun jari kuwa su ne a ƙarshen layi, bayan an sallami kowa, in har wani abu ya rage.